Yadda Na Je Sabuwa Ɗauko Uwar Daɓe

Tun da na dawo ban huta da bakinku ba. In na je rijiya, "Talatu, ya Sabuwa?" In na je niƙa, "Talatu, wai da gaske har ƙasar Sakkwato kika taka?" Har wadda rabonta da gaishe ni tun bikin ɗiyarta ta tare ni a kasuwar Ƙanƙara tana son ji. To, zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta nan. Maganar da wasu ke yawo da ita kuwa, wai yaji na yi, ƙarya ce. Da rana tsaka na fita, kuma sai da na gaya wa maigidana inda za ni.

Saboda waɗanda aka auro kwanan nan, bari in fara da cocin kansa. Ina 'yar yarinya Fada bature ya fara zuwa garinmu bisa babur, ana taruwa ƙarƙashin rumfar kara, mu yara muna leƙe. Da mutane suka yi yawa iyayenmu maza suka ce a yi gini. Su suka kwaɓa ƙasa suka mulmula tubali, suka ta da bangon nan mai kauri da ko a tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji sanyi. Su suka saro giginya suka tsaga azara. Wani magini Musulmi daga Ƙanƙara ya zo ya ɗaura masu bakan gizo biyun nan da ke riƙe da rufin, shi ya sa ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, daga ƙofa kana hangen bagadi, inda Fada ke tsayawa ya jagoranci addu'a. Tagogin 'yan ƙanana ne can sama, don kada awaki su shiga. Gicciyen kan ƙofa icen ƙirya ne, ƙararrawarmu kuwa wilin babbar mota ne da aka rataye a tsamiya. Kwanon da kuke gani daga baya aka kifa shi bisa rufin ƙasa, da yoyo ya ishe mu. Yau cocin nan shi ne uwa ga majami'un ƙauyukan da ke kewaye, nan Fada ke zaune.

Duk wannan aikin maza ne. Namu mata shi ne inda ake durƙusawa. Mu muka yi daɓe: aka zuba jar ƙasa da tsakuwa, aka yayyafa ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, mata suka jeru bisa gwiwa suna duka da madaɓi suna waƙa har ƙasa ta yi tauri tana sheƙi. Kun san dokar daɓe, namiji ba ya kusantar wurin, wanda ya kuskura ya shigo a waƙa za a sa shi a wanke shi tas. Fada bature da kansa aka kora daga cocinsa, ya tafi yana dariya. Ba Kirista kaɗai suka yi aikin ba, har matan Musulmi na unguwar kasuwa da waɗanda ke kan addinin gargajiya. Uwata tana cikinsu. Ba ta yi baftisma ba har ta mutu, ba ta kuma sake shiga ɗakin nan ba bayan ranar, amma hannunta na cikin ƙasar da nake durƙusawa. Mai ba da umarni, wadda ta san haɗin ƙasar da yawan makubar, ita ce Iya Kande. Ita muke kira uwar daɓe.

Sai ga zamanin nan na kuɗin mai, da kowa ke neman ya rushe ɗakin ubansa ya sa bulo. Yohanna, ɗan garin nan da ya samu kwangila a Kaduna, ya zo da mota shaƙe da buhunan siminti ya ce kyauta ce ga coci. Allah ya saka mashi, ban da abin faɗa kansa. Daɓen kuwa gaskiya ya tsufa, ga ramuka, ga gara ta ci wajen bango. Kwamitin coci, maza zalla, maigidana ne shugabansu, suka zauna suka yanke a farfashe shi a zuba siminti kafin Bishof ya zo. Ran Lahadi bayan addu'ar Mas aka sanar. Na miƙe na ce, "An tambayi mata?" Sai aka yi dariya, irin wadda ake wa yaro in ya yi tusa cikin manya.

A gida maigidana ya ce, "Talatu, ki daina ba ni kunya cikin mutane. In an bar maku, wa zai yi daɓen? Kande ta bar ƙasar nan tuni. Cikinku akwai wadda ta san haɗin?"

Gaskiyarsa, babu. Na ce, "Malam, in na kawo ta fa?"

Ya ce, "Leburori na zuwa daga Funtuwa. Ba inda za ki."

Na ce, "Za ni."

Na biya gidan aminiyata Laraba na ce ta gaya wa mata su tara makuba, tunda ɗorawa ta nuna. Na ɗaure daddawa a ƙyalle, na kama zabuwa ɗaya mai rai don kada in je hannu rabbana, na nufi tasha. Abin da na sani kawai shi ne an ce Iya Kande tana wurin ɗiyarta a Daudawa.

A Ƙanƙara na shiga a-kori-kura mai zuwa Sheme. Rabona da mota ya daɗe, sai na ga duniya ta canza ban sani ba. Kowa da agogo a hannu, kowa da rediyo. Wani saurayi kusa da ni ya rungume tasa kamar jariri, tana ta kiɗa, zabuwata na ta amsa mata. Wani Alhaji ya ce, "Baiwar Allah, ki yi wa abar nan magana mana." Na ce, "Alhaji, in ya kashe tashi ita ma za ta kashe tata." Aka kashe rediyo, zabuwa ba ta yi shiru ba har Sheme.

A mararrabar Sheme na yi wautar da kuke ta dariya a kai. Ban so in tambayi kowa hanya ba, don na san abin da zai biyo baya, ina mijinki, mi ya sa kike tafiya ke kaɗai. Na ga mota ta cika za ta tashi, na kutsa na zauna. Muka yi ta tafiya, ina ganin duwatsun da ban taɓa gani ba, ina cewa ashe Daudawa da nisa. Sai a Yankara aka tsayar da mu, an gicciya gora bisa gangar mai. Ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Iya, ina zuwa?" Na ce Daudawa. Motar duka ta kwashe da dariya. Ya ce, "Ai kin baro ta can baya. Daga gorar nan gaba ƙasar Sakkwato ce."

Na sauko ina huci, garin saukowa igiyar ƙafar zabuwa ta kwance, ta yi fir ta tsallake gorar. Wato zabuwata ta riga ni fita daga jiharmu. Na tattare zane na bi ta, ɗan sanda na bina yana cewa in bi ta hagu, mai shayi na cewa in bi ta dama. Wata Bafillatana mai nono ce ta cire mayafinta ta jefa mata, ta kama ta cikin sauƙi kamar kullum aikinta ke nan. To ga amsar tambayarku, e, na taka ƙasar Sakkwato, ƙasa ce irin tamu, ƙayarta ma irin tamu ce, don ɗaya ta soke ni. Na zauna gun Bafillatanar na sha fura. Furarsu ba yaji kamar tamu, amma nonon ya fi namu kauri. Ta tambaye ni abin da ya fito da ni, na gaya mata. Ta ce, "Duk wannan wahala don ƙasa?" Na ce e. Ta girgiza kai ta ƙara mani nono.

Ɗan sandan nan, Allah ya yi mashi albarka, ya tsayar da wata babbar mota mai komawa wajen Funtuwa ya ce su rage mani hanya. Na hau baya na zauna bisa kaya masu taushi an rufe da tamfol. Sai da na sauka na ga bayan zanena fari fat. Siminti ne. Abin da na baro gida dominsa, shi na hau har ya kawo ni.

Rana ta kusa faɗuwa na isa Daudawa. Na tambayi inda Kirista suke, aka nuna mani wata unguwa bayan gari, matar katikis ɗinsu mai koya masu addini, Saratu, ta karɓe ni hannu biyu. Ta dafa mani shinkafar buhu da kifin gwangwani, abincin da yanzu ake wa baƙo don a girmama shi. Na ci don kunya, amma miyar ƙarnin ƙarfe take yi, raina na kan tuwon dawa da kuka. Da safe ta ce sai na ga sabon cocinsu kafin in tafi.

Ba zan yi maku ƙarya ba, ya yi kyau. Bulo ne tun daga ƙasa har sama, an shafe shi da farin fenti, tagogin gilashi manya masu buɗewa kamar haƙarƙari, bencina a jere, ƙasa sumul. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne da takalma suke shiga. Mu kun san a bakin ƙofa muke tuɓe namu, don ba a taka daɓe da takalmi. Na tsaya na cire nawa, Saratu tana dariya. Na ce mata, "Wa ya gina maku?" Ta ce kamfani. Na ce, "To ku mata mi kuka sa a ciki?" Ta ce, "Mu muke shara ran Asabar." Na mayar da takalmana muka fito, baƙuwa ce ni, na ci abincinta.

Ita ta raka ni gidan ɗiyar Iya Kande. Nan na ji abin da ban zata ba. Ɗiyar ta ce tsohuwa ta daɗe da komawa Sabuwa wurin ɗanta mai fataucin hatsi. Ta ce ta musulunta, bara ɗan ya kai ta Makka, yanzu Hajiya ce. Saratu ta kama hannuna ta ce, "Yaya, ki koma gida. Hajiya za ta zo ta yi wa coci daɓe?" Na ji hawaye na son zuwa, sai na tuna dariyar nan ta ran Lahadi, hawayen suka koma. Na ce, "In za ta ƙi, ta ƙi da bakinta ina ji." Na gode wa Allah da ban yanka zabuwar a gida ba, ga shi yanzu sai su yanka da hannunsu.

Funtuwa ba zan daɗe a kanta ba, don ban ga komai ba sai bayan motoci da ƙafafun mutane. Wannan karon na tambayi hanya, na tambayi mutum uku dabam-dabam, duk mata. Daga Ɗandume zuwa Sabuwa hanyar ba ta da kirki, taya ta fashe, muka sauka muka zauna gindin mangwaro. Direba ya ce maza su zo su ɗaga mota don jak ɗinsa na ɗaga mota ya lalace, maza suka tsaya duban rigunansu. Wata mai sayar da mazarƙwaila ta ce da ni, "Taso mu nuna masu." Da suka ga mun ɗaura ɗamara sai ga su sun taso. Can ƙasar ta fi tamu danshi, rake ko'ina, kuma masara suke ci. Tuwonsu fari sol, ba ya riƙe ciki kamar na dawa, kafin la'asar ka ji kamar ba ka ci ba.

Gidan Alhaji, ɗan Iya Kande, ba ya ɓata, kowa ya san shi. Zaure na bulo, mota a ƙofa. Na yi sallama na shiga cikin gida da ɗan gicciyena a wuya. Na ga matan gidan sun zuba mashi ido, ban kuwa tura shi cikin riga ba. Tsohuwa tana zaune bisa darduma da carbi a hannu. Ta rame, amma idon nan nata mai kaifi yana nan. Na durƙusa na ce, "Iya," sai na gyara na ce, "Hajiya, ina wuni." Ta dube ni ta dube ni ta ce, "Wannan goshin na Tani ne. Ke ɗiyar Tani ce?" Sunan uwata ke nan. Na ce ni ce. Ta buɗe baki tana dariya, haƙorin Makka na walƙiya, sai kuma ta fashe da kuka, ni ma na taya ta.

Aka yanka zabuwa. Da aka kawo tuwo, surukarta, matar Alhaji, ta ajiye mani nawa a wani kwano dabam, can gefe. Na gane. Hajiya ta miƙa hannu ta jawo kwanon gabanta ta ce, "Matso mu ci." Muka ci tare. Sai da muka wanke hannu na faɗi abin da ya kawo ni.

Na zaci ko ta yi murna ko ta yi fushi. Ba ko ɗaya. Ta buga tafin hannunta a ƙasan ɗakin ta ce, "Kin ga wannan? Siminti ne. Ba ƙuma, ba gara, ba gyara. Na yi daɓe tun ina budurwa har bayana ya lanƙwashe, ina gaya maki siminti ya fi. Ku karɓi abinku ku huta."

Nan raina ya ɓaci, har na manta da tsohuwa nake magana. Na ce, "Hajiya, na san ya fi. Ban taso daga Ƙanƙara don in yi gardamar wanda ya fi ba. Bango na maza ne, rufi na maza ne, bagadi na Fada ne, kwamiti na maza ne. Abu ɗaya muka sa a ɗakin nan da hannunmu, shi za a kwashe a zubar a bayan gari, ba wanda ya ce mana ko sannu. In an tambaye mu muka ce a zuba, sai a zuba. Ba a tambaye mu ba. Ni ba zan koma 'yar shara a ɗakin da uwata ta daɓe ba."

Ta ja carbinta. Can ta ce, "Bakin Tani ma kika ɗauko. Mata nawa gare ki?"

Na ce ban sani ba, na bar wa Laraba sallahu.

Ta ce, "Kin zo neman uwar daɓe ba ki san ko kina da 'yan daɓe ba." Ta juya ta ce wa surukarta, "Kira mani Alhaji."

Alhaji ya shigo, mutum mai natsuwa, ya amsa gaisuwata da mutunci. Da ya ji maganar ya ce, "Hajiya, ki duba girman Allah. Bara kika dawo daga ɗakin Allah, bana a ce an gan ki cikin coci? Da wane ido zan dubi mutane a masallaci?"

Ta ce, "Wa ya ce maka salla za ni yi? Aiki za ni duba. Ranar da na haife ka ba kowa a gidan, uwar yarinyar nan ce ta baro tukunya bisa wuta ta zo ta yanke maka cibi. Ba ta tambaye ni addinin da za ka yi ba."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "To ki yi mani alkawari ba za ki shiga ciki ba."

Ta ce, "Na yi. Kai kuma ka ba mu mota, don ba zan hau bayan hatsi da tsufana ba."

Na kwana ɗakinta. Da safe direban Alhaji ya ɗauke mu, muna gaba kamar matan gwamna. Duk inda muka wuce gindin ɗorawa sai ta sa a tsaya ta sauka ta murza ɓawon ta shinshina, wani ta ce a ɗiba, wani ta ce a bari. Kafin mu kai Ruwan Godiya bayan motar ya cika, direba na ta ƙunƙuni wai an mai da motar Alhaji jaki.

Da muka shigo gari na hango tarin yashi a ƙofar coci da leburori zaune gindin tsamiya. Na ce shi ke nan, an riga ni. Na diro tun mota ba ta gama tsayawa ba. Na leƙa, sai na ga gefen dama, inda maza ke zama, da wajen bagadi, duk an farfashe an zuba siminti, har ya fara bushewa. Gefen hagu kuwa, namu, cike yake da mata zaune dirshan a ƙasa, wasu da goyo, wasu na tsinkar zogale, wata ma kitso ake mata. Laraba ta taso ta ce tun ranar da leburori suka zo suke nan, in wasu sun tafi dafa tuwo wasu su karɓe su. Shugaban leburorin ya ce shi ba zai ɗaga diga kan matan mutane ba. Na rungume Laraba.

Na tambayi inda Fada yake, wannan matashin da aka kawo mana daga kudancin Zariya. Aka ce da ya ga abin ya yi zafi sai ya tuna akwai marar lafiya a wani ƙauye mai nisa, ya hau babur. Kafin ya tafi dai ya ce shi bai ga inda aka rubuta irin ƙasar da za a durƙusa a kai ba. Katikis ɗinmu ne ya tare mu ya ce in ma za a yi, ban da waƙoƙin nan na daɓe, ɗakin Allah ne. Hajiya ta ce, "Malam, in ba waƙa hannu ba ya sauka tare, in hannu bai sauka tare ba ƙasa ba ta kamawa. Da aka yi na farko ma ɗakin Allah ne. Ka ja mazanka ku yi nisa."

Aka kifa mata turmi a bakin ƙofa ta zauna, ƙafafunta a waje, ta cika alkawarin ɗanta. Daga nan take cewa a ƙara tsakuwa, a rage ruwa, a sake juyawa. Muka jiƙa makuba a manyan tukwane har unguwar ta ɗauki warinta. Da labari ya bazu sai ga matan unguwar kasuwa da mayafansu, ga na gidajen masu addinin gargajiya, kowa da madaɓinta, wasu an ciro su daga ƙarƙashin rumbu duk yanar gizo. Muka jeru muka fara. Da farko hannu ya ƙi haɗuwa, 'yan matanmu ba su taɓa yi ba, Hajiya na ta faɗa daga waje. Da rana ta ɗaga sai dukan ya zama ɗaya, kana jinsa har cikin ƙirji.

Muna cikin haka haske ya ragu a ƙofa. Maigidana ne. Ya raɓa ta gefen Hajiya ya shigo, da takalmansa, ya tsaya bisa ɗanyen daɓe ya ce, "Ya isa haka. Kowa ta tashi." Madaɓai suka tsaya a sama. Kun san yadda ake yi, in namiji ya shigo wata ce ke fara mashi waƙa, matarsa ta sunkuyar da kai kamar ba ta ji ba. Amma shi shugaba ne, ya yi wa rabinsu alheri, ba wadda ta iya buɗe baki. Na ga wasu sun fara ajiye madaɓi. Na san in aka tashi yanzu ba za a sake zama ba.

Ni na fara. Ba zan maimaita abin da na ce ba, waɗanda ke wurin sun ji. Ban taɓa iyayensa ba, amma ban bar mashi komai nasa ba, daga hula har takalmi. Laraba ta amsa, sauran suka ɗauka, madaɓai suka sauka. Ya tsaya yana dubana kamar bai taɓa ganina ba. Sannan ya juya ya fita. Na matsa da gwiwa na daɓe sawun takalminsa da hannuna ina kuka, ban daina waƙar ba.

Sauran kun gani da idonku. Daɓe ya kama, ya yi ja wur kamar goro. Hajiya ta koma Sabuwa, ta ce wannan ne na ƙarshe da za ta duba, wadda ba ta koya ba ita ta so. Bishof ya zo ya tsaya a ƙofa ya dubi dama ya dubi hagu, ya tambayi Fada wani abu da Turanci, sannan ya shiga. Leburori sun kai sauran simintin makaranta. Cocinmu dai yanzu ƙasa biyu gare shi, ban san wani irinsa ba.

Abin da ba ku tambaye ni ba shi ne gida. Yana cin tuwona, yana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan. Mutumin da tun ina yarinya ba mu taɓa kwana da fushi ba. Yana mani ciwo, ba zan ɓoye maku ba. Laraba ta ce in ba shi haƙuri. Kan waƙar zan ba shi, duk ranar da ya yarda ya saurare ni, har ƙasa zan durƙusa. Kan daɓen kuwa ba zan ba shi ba, ko za mu mutu a haka.

Ran Lahadi yana durƙushe bisa simintinsa, ina durƙushe bisa ƙasata, tsakaninmu bai fi in miƙa hannu ba. Har yau bai waiwayo ba. Ni kuwa ina dubansa tun daga farkon Mas har a tashi.